Nutso, Ɗaukar Hoto da Gane Kifi a Bahar Maliya: Yadda Ruwa Ke Sauya Komai

Duk wanda ya taɓa ganin hoton ƙarƙashin Bahar Maliya a talabijin ko a waya ya san irin launukan da ake nunawa: murjani ja wur, ƙananan kifaye masu ruwan lemo sun taru dubu-dubu, ga wani rawaya ɗorawa yana gilmawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mai nutson da ya ɗauki hoton bai ga waɗannan launuka da idonsa ba sai a daidai lokacin da fitilarsa ta haska. A zurfin mita 20 komai shuɗi-shuɗi ne da toka-toka. Ko yankewa mutum ya yi a can, jininsa kore mai duhu zai gani yana fita. Ruwa ya shanye jan tun a sama.

Mutane kan ɗauki yanayin ruwa, kayan ɗaukar hoto da gane halittun teku a matsayin fannoni uku, kowanne da littafinsa. A ganina magana ɗaya ce. Ruwan da ya matse huhun mai nutso shi ne ya ɗauke launin hotonsa, shi ne kuma ya sa kifin da ke gabansa ya ƙi yin kama da na cikin littafi. Wanda ya fahimci halin ruwan, sauran biyun za su zo masa da sauƙi. Wanda bai fahimta ba kuwa, ko kyamarar miliyoyi ya saya, shuɗin hoto zai kwaso.

Wannan teku ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙafa, daga Sawakin, daga baya kuma Port Sudan, suka riƙa tsallaka shi zuwa Jidda, kuma har gobe akwai Hausawa mazauna wannan gaɓa. Sun bi ta samansa, mu ƙarƙashin za mu leƙa. Abu na farko da ya bambanta shi da sauran tekuna shi ne babu wani kogi mai gudu dindindin da ke zuba a cikinsa. Hamada ce hagu da dama, ruwan sama kaɗan, rana kuma tana ta ƙafar da ruwan. Wannan ya haifar da abu biyu. Ruwan garau yake domin babu laka, sau da yawa mutum na hangen mita 20 zuwa 30 a gabansa. Sannan gishirinsa ya kai kusan kashi 4 cikin ɗari, alhali na yawancin tekuna bai wuce uku da rabi ba. Ruwa mai gishiri da yawa ya fi ɗaga jiki, saboda haka wanda ya koyi nutso a tafki ko a wani tekun sai ya ƙara dalmar da yake ɗaurawa a ƙugu kafin ya iya sauka.

Ɗumin ruwan yana sauka zuwa wajen digiri 21 ko 22 a arewa lokacin hunturu, ya haura 28 zuwa 30 da zafi. Kada 22 ta ruɗi mutum. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki ninkin-ba-ninkin yadda iska ke yi, mai ɗaukar hoto kuma yakan tsaya cak wuri guda yana jiran kifi, don haka shi ke riga kowa karkarwa. Rigar roba mai kaurin milimita 3 ta isa da zafi, da sanyi sai mai 5 ko 7. Iska a arewacin tekun yawanci daga arewa take kaɗawa, ita ke yanke hukuncin ko jirgi zai iya kaiwa wurin da aka nufa ranar.

Gudun ruwa ne ya fi buƙatar hankali. Wuraren da suka yi suna, irin su Ras Muhammad a ƙarshen Sinai, wanda Masar ta mayar gandun kariya a 1983, ko Sanganeb da Sha'ab Rumi a Sudan, ko Elphinstone kusa da Marsa Alam, duk ganuwar murjani ce da ta miƙe daga zurfi mai nisa, ruwa na bugun ta da ƙarfi. Wannan gudun ke kawo abinci, abinci ya tara ƙananan kifaye, su kuma su jawo manya. Inda ruwa ya fi wahalar shiga, nan kallo ya fi. Ba a kokawa da shi. Ana bin sa ne, a jingina kusa da ganuwa inda ƙarfinsa ya ragu, in za a fito a hura doguwar balan-balan mai launin lemo ta riga mutum zuwa sama, don mai kwale-kwalen roba ya ga inda ruwa ya kai shi.

Sai nauyin ruwa, wanda shi ne tushen duk ƙa'idojin nutso. A bakin teku iska na danna mu da ma'auni ɗaya. Kowace mita 10 ta ruwan teku na ƙara wani ɗaya. A mita 10 biyu ke nan, a mita 30 huɗu. Iskar da ke cikin kunne, cikin gilashin fuska, cikin huhu, duk tana matsewa gwargwadon haka, in an taso kuma ta kumbura. Daga nan aka samo dokar da malami ke fara cusa wa ɗalibi: kada ka taɓa riƙe numfashi. Wanda ya cika huhunsa a mita 10 ya taso bai fitar ba, iskar za ta ninka biyu a ƙirjinsa, huhu kuwa ba ya jure wannan.

Lissafin iska ma daga nan yake. Tukunyar da aka fi amfani da ita mai lita 12 ce, ana cika ta zuwa ba (bar) 200, matsin da ya ninka na bakin teku sau 200, wato lita 2,400 na iska. Ƙa'ida ita ce a fito da ba 50 a ajiye, saura 1,800 ke nan na kashewa. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti a sama, a mita 30 lita 80 zai sha, iskarsa ba za ta wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Ga kuma naitirojin, wanda ya fi yawa a iskar da muke shaƙa. A ƙarƙashin matsi yana narkewa cikin jini da tsoka. In an taso a hankali yana fita ta numfashi lafiya lau. In an yi gaggawa sai ya zama kumfa a gaɓoɓi ko a lakar baya, ciwon da kan kai ga shanyewar jiki ko mutuwa, maganinsa kuma sai ɗakin matsi na musamman. Shi ya sa jadawalin da masu koyo ke amfani da shi ya ba da kusan minti 56 a mita 18, amma minti 20 kacal a mita 30. Shi ya sa ake tasowa sannu, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 bayan nutso a jere. Daga wajen mita 30 naitirojin ɗin na sa wani irin maye, tunani ya yi nauyi. Mai takardar shaidar nutso ta matakin farko iyakarsa mita 18, iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya mita 40. A Dahab, a gaɓar Sinai, akwai wani rami a cikin teku da ya shahara, mai ƙofar dutse a wajen mita 55, wanda ya ci rayukan masu nutso da dama da suka nufi ƙofar da iskar yau da kullum.

Na daɗe a kan wannan ne da gangan, domin kyamara na sace hankali. Mutum ya ƙura wa allo ido yana bin kifi ƙasa-ƙasa, bai duba agogon zurfi ba, bai duba iska ba, abokin nutsonsa ya yi nisa. Ra'ayina ƙarara shi ne, kada a miƙa wa sabon mai nutso kyamara sai ya iya tsayawa a tsakiyar ruwa ba motsin hannu, yana hawa da sauka da numfashinsa kawai. Wanda bai kai nan ba zai karya murjanin da ya yi shekaru yana tsiro, ya tayar da yashi da takalmin iyo, ya ɓata hotonsa da na kowa.

Tarihin wannan sana'a ya ratsa ta gaɓar Sudan sosai. Bafaranshe Louis Boutan ya ɗauki hotuna a ƙarƙashin ruwa tun 1893, amma sai da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙa a 1943 mutum ya samu 'yancin yawo da kyamara ba igiya. Hans Hass ɗan Ostiriya ya yi aikin da ya fito da shi a ruwan Port Sudan wajen 1950. A 1963 Cousteau ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, a zurfin mita 10, mutanensa suka zauna ciki wata guda. Rumfar da suke ajiye ƙaramin jirginsu na nan har yau, murjani ya rufe ta. A shekarar ce kuma Nikon ya fara sayar da Nikonos, kyamarar da ke shiga ruwa ba tare da akwati ba.

Matsalar da suka fuskanta ita ce ta yau. Ja na ɓacewa a wajen mita 5, ruwan lemo ya bi shi a wajen 10, rawaya a wajen 20, sai kore, shuɗi ne ke kaiwa can ƙasa. Abin da mutane ke mantawa shi ne, ba zurfi kaɗai ake ƙirgawa ba, duk tafiyar da haske ya yi cikin ruwa ake ƙirgawa. Idan kifi na nesa da kai mita 2, hasken fitilarka zai yi mita 2 zuwa, mita 2 dawowa. Huɗu ke nan, jan ya kusa ƙarewa kafin ya iso idon kyamara. Saboda haka ƙa'idar masu sana'ar ita ce ka matso, in ka ga ka matso ka ƙara matsowa. Fitila komai ƙarfinta ba ta da amfani sosai bayan mita ɗaya da rabi. Jawo hoto daga nesa da ake yi a tudu ba ya aiki a nan, domin ruwan da ke tsakani yana nan daram.

Wannan ne ya raba kayan aiki gida biyu. Akwai idon kyamara mai faɗi, wanda ke ba ka damar tsayawa dab da babban abu ka kuma kama shi duka, kamar jirgin Thistlegorm na Birtaniya da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a Oktoban 1941, da babura da manyan motoci jere a cikinsa a zurfin wajen mita 30, ko Umbria na Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da hannunsu a gaban Port Sudan a Yunin 1940 cike da bama-bamai. Akwai kuma idon ƙananan abubuwa, na ɗaukar halitta mai tsawon farce. Ba a canza ido a cikin ruwa, tun a jirgi ake yanke shawara. Gilashin gaban akwatin ma iri biyu ne. Shimfiɗaɗɗe na karya haske yadda gilashin fuska ke yi, abu ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma yi kamar ya matso. Wannan alheri ne ga mai ɗaukar ƙanana. Mai ɗaukar faɗi kuwa sai gilashi mai ƙubba, wanda ke hana faɗin ya tsuke.

Me ya sa ake ganin fitilu biyu a kan dogayen hannuwa kamar ƙaguwa? Ruwa komai tsabtarsa cike yake da ɗigo-ɗigon halittu da yashi. Idan fitila na kusa da idon kyamara, hasken zai bugi waɗannan ya dawo kai tsaye, hoto ya cika da fararen ɗigo, kamar direban da ya kunna babbar fitila cikin ƙurar hunturu, ƙurar yake gani ba hanya ba. Sai a ware fitilun gefe, a ɗan karkatar da su waje, gefen hasken kaɗai ya taɓa kifin, ruwan da ke tsakani ya zauna cikin duhu. Wanda ba shi da fitila, ya tsaya a ruwa mara zurfi, rana na bayansa, ya daidaita fari a kan farin allo ko yashi duk lokacin da ya canza zurfi, ya kuma ajiye hoton a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don a samu abin gyarawa a kwamfuta. Amma jan da bai shiga kyamara ba kwata-kwata, babu manhajar da za ta dawo da shi na gaskiya, fenti kawai za ta shafa.

Ƙaramar kyamarar GoPro na jure mita 10 ba akwati, da akwatinta ta kai 60. Olympus TG na jure mita 15, kuma ta yi fice wajen ƙananan halittu. Ga mai farawa, ɗaya daga cikinsu da fitila guda ta wadatar. Ko wacce iri ce, rayuwarta na rataye ne a kan zoben roba da ke bakin akwati. Ga yadda masu kula ke yi da dare kafin nutso: a zare zoben da gefen kati, ba da wuƙa ba, a goge kwarminsa, a ja zoben tsakanin yatsu biyu ana lalubar yashi ko tsaga, a shafa masa ɗan giris har ya yi sheƙi kawai, a ɗaga shi a haske a duba. Silin gashi ɗaya da ya gitta a kansa ya isa ya shigar da ruwan gishiri, ruwan gishiri kuma in ya taɓa cikin kyamara an gama. Ana rufe akwatin a wuri mai sanyi da bushewa, a saka ƙunshin shan laima, kada a bar shi a rana, in ba haka ba gilashin zai yi raɓa daga ciki da zarar an shiga ruwa. Bayan an fito a jiƙa shi a ruwan daɗi ana danna maɓallai kafin gishiri ya bushe.

To an ɗauko hoton, wane kifi ne? Bahar Maliya na da nau'in kifi sama da 1,000, kuma kusan ɗaya cikin goma ko fiye babu su a ko'ina sai nan da mashigin da ke maƙwabtaka da shi. Littafin da aka rubuta don tekun Indonesiya zai iya ɓatar da mutum. Sabon shiga launi yake fara kamawa, launi kuwa shi ne shaidar da ta fi rauni, ba don zurfi kaɗai ba. Kifin da masana ke kira Pomacanthus imperator yana ƙarami shuɗi ne mai duhu da zobba farare, in ya girma ya koma mai ratsin rawaya da shuɗi a miƙe, ka rantse ba dangi ba ne. Ƙananan masu ruwan lemon nan da ke cika kowane hoto, Pseudanthias squamipinnis, mata ne. Namijin ya fi girma, launinsa ya karkata zuwa shunayya, da dogon zare a ƙayar bayansa, kuma shi ma mace ne a da. Idan ya mutu, babbar macen garken ce ke rikiɗa ta maye gurbinsa. Wasu kifayen ma da dare suna sauya launi.

Abin dogaro shi ne siffar jiki, yanayin baki, tsagin wutsiya, wurin da fiffike ya tsiro, yadda yake iyo, da inda aka same shi. Akwai wani siririn kifi mai baƙin layi daga baki zuwa jela da ke da wurin zama a kan murjani, manyan kifaye na zuwa su buɗe baki ya shiga ya cire musu ƙwari. Akwai kuma wani da ya kwaikwayi kamanninsa da rawarsa, in an sake da shi ya gatsi fiffike ya gudu. Launinsu kusan ɗaya, amma na gaskiyar bakinsa a tsinin fuska yake, na jabun a ƙarƙashi. Irin wannan wurin wanka, af, shi ne wuri mafi kyau ga mai kyamara, don kifin da ake yi wa shara ba ya son motsi.

Kififiyar teku biyu aka fi gani. Koriyar kanta a dunƙule yake, ɓawo biyu ne tsakanin idanunta, ciyawar ruwa take kiwo a wurare irin Abu Dabbab na gaɓar Masar. Ɗayar bakinta kamar na shaho, ɓawo huɗu tsakanin idanu, a kan murjani take cin soso. Hoton kai daga sama ya raba gardama. A wannan ciyawar ce ake dacewa da dugon, ɗan'uwan ayun da ke kogin Binuwai da Neja, sai dai shi wutsiyarsa a tsage take, ta ayu kuwa zagayayya ce. Kifin shak mai farin tsinin fiffike ma biyu ne: siriri da ke kwanciya a ƙarƙashin duwatsu ba ruwansa da kowa, da na tsakiyar teku mai dogayen fiffike masu zagayayyen baki, wanda ke matsowa dab da mutum a Elphinstone, shi kuwa ana fuskantarsa a tsaye, ba a juya masa baya.

Wani ganewar na tsira da lafiya ne. Kifin dutse na kwance a kan yashi ba ya motsi, ba ka bambanta shi da dutse mai gansakuka sai ka lura da bakin da ya kalli sama, ƙayoyin bayansa kuma na ɗauke da dafin da ke cikin mafi tsanani a duk kifaye. Taimakon farko shi ne a tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, a garzaya asibiti. Murjanin wuta mai launin ƙasa-ƙasa da fararen tsini yana ƙuna ko da gogar sa aka yi. Mai hoton da ke neman inda zai dafa hannu don ya daidaita kyamara, shi ya fi kowa haɗuwa da waɗannan biyun.

Sunayen da yawa daga kifayen nan sun samo asali ne daga Peter Forsskål, masanin da ya bi tawagar da Denmark ta tura ƙasar Larabawa, ya rasu a Yaman a 1763, aka buga aikinsa a 1775. Wurin masunta ya riƙa tambaya, sunayen da suka gaya masa irin su sohal da bohar suka zauna a littattafan kimiyya har yau. Yanzu hoton mai nutso ne ke yin wannan aikin, in an ɗauke shi yadda ya kamata: daga gefe, jiki duka har wutsiya, da rana da wuri da zurfi a rubuce. Ana ɗora irinsa a shafin intanet na iNaturalist masana su tantance, a gwada da bayanan FishBase, rumbun bayanan kifaye na intanet. Ɗigon da ke ƙasan cikin faffaɗan kifin nan manta daban yake ga kowane ɗaya, haka ɗigon gefen shak mafi girma a duniya, wanda ake tantancewa da dabarar lissafin da aka aro daga masu nazarin taurari. Da hotuna irin waɗannan ake sanin ko wanda aka gani bana shi ne na bara. Hotunan masu nutso da masunta sun kuma taimaka wajen bin sawun kifin zaki, wanda ya bi ta mashigin Suwez da aka buɗe a 1869, yanzu ya bazu a gaɓar Lebanon da Turkiyya da Girka yana cinye ƙananan kifayen Bahar Rum.

A 2016 UNESCO ta saka Sanganeb da Dungonab cikin wuraren gadon duniya, saboda murjaninsu da dugon da manta da garken shak mai kan guduma. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, zuwan masu nutso daga waje ya ja baya ƙwarai, galibinsu sun koma ɓangaren Masar da Saudiyya. Hotunan da aka ɗauka a can kafin yaƙin, waɗanda masu su suka rubuta wuri da kwanan wata a kai, su ne za a ɗora a gefen sababbi ranar da aka koma, a ga abin da ya sauya a murjanin.